Kwat Mai Bargo Uku

Litinin, 8 ga Agusta, 1977, da yamma

Yaya Edna ce ta saya mini wannan littafi, wai in riƙa rubuta abubuwan al'ajabin da zan gani a Turai. Na ce bari in soma tun daga gida don hannu ya saba.

Ga inda aka kwana. Na gama shekarar share fagen karatun likita a Zariya, gwamnatin jiha ta ba ni gurbi a Romaniya, jirginmu zai tashi daga Kano ran ashirin ga watan gobe. Ko kaza ban taɓa yi wa allura ba, amma duk unguwarmu Herwagana ba mai kirana Timoti yanzu sai Yaya Edna. Dokta ake cewa, har Baba. Ni kuwa ban hana kowa ba, don sunan yana yi mini daɗi a kunne.

Baba ya auna ni yau a shagonsa na kasuwa. Tun kafin a haife ni yake ɗinki, bai taɓa ɗinka kwat ɗin sanyi ba, amma ya ce ɗan Titus tela ba zai sauka ƙasar mutane da ɗinkin wani a jikinsa ba. Ya aro kalanda daga kemis ɗin maƙwabcinmu Livinus, mai hoton wani Bature tsaye cikin ƙanƙara. Ita ce samfurinsa.

Gobe zan leƙa Kwadon, ƙauyen da ke nan kusa da Gombe. Ƙawar Mama, Sista Hilda, ita kaɗai ke riƙe da ɗakin shan maganin coci a can tun da mataimakinta ya bi aikin siminti zuwa Legas. Zan ɗan taimaka mata kafin tafiya. Ina jin za ta ƙaru da ni.

Talata, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Na je Kwadon. An kawo wani manomi da ya sare ƙafarsa da fartanya. Sista ta ce in riƙe mata kwanon auduga, ta kwance tsumman da aka ɗaure wurin da shi.

Rufin ɗakin shan maganin nan yana buƙatar gyara. Ba sili, kwano ne zalla, ya yi tsatsa wajen kusurwa, kuma zanzaro ya yi gida a jikin katako. Na daɗe ina nazarinsa yayin da Sista ke yi mini fifita da murfin kwali. Manomin ya leƙo daga kan gado ya ce, "Sannu, likita. Ya jiki?"

Ban da wannan ba abin da ya faru.

Laraba, 10 ga Agusta, da safe

Ban karya kumallo ba jiya. Shi ke nan dalili.

Juma'a, 12 ga Agusta, da yamma

Yau na sha kunu, na ci ƙosai har na ture sauran, sannan na hau mota. Wata yarinya aka kawo ta taka kwalba.

Zanzaron ya ƙara ɗaki.

Da aka sallami mutane Sista Hilda ta zaunar da ni a kan benci. Mace ce mai yawan shiru, in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka ji kamar ka zo da ƙuruciyarka a hannu.

Ta ce, "A Zariyan yaya kake yi?"

Na ce a Zariya kwaɗi da ɓeraye muke feɗewa, kuma mu biyu ne a tebur. Abokina ke riƙe wuƙa, ni ke zane. Na fi kowa iya zane a ajin.

"Ba kai ne farau ba, ɗana. Jirin ganin jinin nan, wasu yana sakinsu, wasu ba ya sakinsu, kuma ba a sanin ko wanne ne kai sai an gwada. Ka zauna da ni shekara guda. Ni ina neman hannu, kai kana neman ƙafa. Gara ka gwada a inda in ka faɗi za a kai ka gida a keke."

Na ce mata jirgi ba ya jira. Ta ce ta sani, ta miƙo mini tsintsiya.

Lahadi, 14 ga Agusta, bayan sujada

Zumuntar Mata sun yi mini waƙa. Shugabarsu Mama Janet ce ta tsara, suka rera ta yau a gaban jama'a da tulu da kacau-kacau:

Timoti ɗanmu, ka tafi lafiya,
Ka ɗebo ilmi can Romaniya.

Baiti takwas ne ko tara, akwai inda aka haɗa ni da Luka likita na Littafi Mai Tsarki. Sun kuma fitar da anko na ranar ban kwana, kore mai zanen jirgin sama. Mama ta sayi bunsuru ta ɗaure a bayan ɗaki, ana ba shi dusa kamar ɗan sarki. Fasto ya ce tafiya mabuɗin ilmi, kowa ya juyo ya kalle ni.

A unguwarmu in Zumunta ta yi wa mutum waƙar aure, to sai ya yi auren. Ban taɓa jin wanda ya tsallake ba.

Alhamis, 18 ga Agusta, da rana

Kwat ya kammala.

Livinus ne ya gaya wa Baba cewa wani ɗan garinsu ya je irin ƙasashen nan, ya fita ba hula, kunnensa ya ɓalle ya faɗi a titi. Saboda haka Baba ya sayo bargon soja guda uku ya haɗa su, ɗaya a kan ɗaya, ya yi wa abin wuya mai rufe kunne. Allurar keke biyu ta karye. Da ya gama ya ajiye shi a ƙasa, kwat ya tsaya da kansa kamar mai jiran canji.

Livinus kuma ya ce dole a horar da ni. Kullum da rana in je kemis in sa kaina cikin firjinsa na kananzir, tsakanin magunguna da lemon kwalba, shi yana tsaye yana ba ni labarin yaƙi. Yau na yi karon farko. Yara sun taru a bakin ƙofa suna kallon bayana.

Baba ya ce ran Asabar 'yan'uwa za su zo daga Kaltungo, in sa kwat ɗin su gani. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta yau ba.

Asabar, 20 ga Agusta, da yamma

Baƙi sun zo. Na sa kwat na fito tsakar gida ina zagayawa, ana tafi, Baba na nuna musu ɗinkin aljihu. Daidai lokacin Mama ta fito da zakara da wuƙa ta tsuguna a bakin rariya, gabana kaɗan.

Sararin samaniyar Gombe yana da kyau a watan Agusta. Akwai hadari ta gabas, da shirwa biyu.

Da na dawo hayyacina an tuɓe ni, an jiƙa ni sharkaf, kowa na magana lokaci guda. Mama na cewa, "Na faɗa maka, Baban Edna, wannan ba riga ba ce, tanda ce. Za ka gasa mini yaro tun bai ga jirgin ba." Kawu ya ɗaga kwat ɗin da hannu biyu ya ce ko jaki aka ɗora wa sai ya durƙusa. Aka yi ta dariya. Livinus ya ruga ya kawo maganin ƙarin jini.

Baba ya matso. Ya karɓi kwat ɗinsa ya shiga ɗaki.

Aka tambaye ni, "Zafi ne ko, Dokta?" Na ce akwai zafi kam. Ai ban yi ƙarya ba, akwai zafi.

Litinin, 22 ga Agusta

Baba ya farke kwat ɗin ya cire bargo ɗaya. Yini guda ya yi a kai.

Laraba, 24 ga Agusta, da yamma

Na je Bauchi ofishin masu tura ɗalibai, na ce wa gida zancen fasfo ne. Na tambayi malamin da ke wurin, na ce wani abokina ne yake son ya sani ko ana ɗaga tafiya shekara guda.

Ya dube ni ya ce, "Ka gaya wa abokin naka, in ya ɗaga, akwai mutane a bayansa suna addu'a ya ɗaga. Gurbin bana na wani ne. Baɗi kuma ya sake nema, in da rabo ya samu, in an sauya tsari ya yi haƙuri. Ka gaishe shi."

Duk hanyar dawowa ina lissafi. In na tafi, wata rana za a buɗe mutum a gabana a ƙasar da ban san yadda ake cewa "jiri nake ji" ba, a sako ni a jirgi in dawo wa matan da suka ɗinka anko. In na zauna, ƙila in rasa gurbin har abada, in tsufa ina tafasa allura a Kwadon. Taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa ko ɗayar ma haƙorina tsoronta yake.

Juma'a, 26 ga Agusta, da yamma

Sista ta fito da dabara. Ta kawo kujera 'yar tsuguno ta ce daga yau a zaune zan riƙa aiki, wanda ke kusa da ƙasa ba ya faɗuwa da nisa. Ta ce kuma in riƙa magana da mara lafiya, kada in yi shiru.

Wani Bafulatani mai suna Joda ya zo, saniyarsa ta tsaga masa cinya da ƙaho. Na zauna na riƙe kwano, na tambaye shi sunan saniyar. Ya faɗa, ya faɗi na uwarta, da na kakarta, da halin kowacce. Ya ce ba laifinta ba ne, ƙuda ne ya dame ta. Muna cikin tarihin kakar sai na ji Sista ta ce, "Miƙo bandeji."

An gama. Na ga komai, da idona, daga farko har ƙarshe. Sai da na miƙe zan wanke kwano sannan ɗakin ya ɗan juya, na koma na zauna. Wannan ba ya cikin lissafi, zama na yi.

Joda ya yi mini godiya da Fillanci, ya ce, "Useko, ƙaramin likita. Ranar cire zare zan same ka?" Na ce in Allah ya yarda. Na yi murna yau, murnar da ban yi ba ko ranar da sunana ya fito.

Lahadi, 28 ga Agusta

An ƙara wa waƙar baiti biyu. Bunsuru ya yi ƙiba.

Alhamis, 1 ga Satumba, da yamma

Ba na son rubuta na yau.

Baba ya kira ni shago a sake gwaji, bargo biyu yanzu. Kasuwa cike, shagon ma cike da masu kawo ɗinkin Sallah. Na sa kwat ina tsaye gaban madubi, sai ga wani ɗan dako an riƙo shi, kwanon rufi ya yanke shi a hannu, ana cewa, "Ku kai shi wurin ɗan Titus, ai likita ne." Suka tura mini hannun har ƙarƙashin hanci. Ba kujera. Ba lokacin tambayar sunan kowa.

Baba yana ajiye tsofaffin samfuran takarda a saman katakon rufin shagonsa. Ban taɓa lura ba.

Ɗan dakon wani ne ya kai shi asibiti a kan amalanke. Ni kuma aka ce kwat ne, har yanzu ya yi nauyi. Telolin layin suka fito suna tsokana, "Titus, riga kake ɗinkawa ko likkafani?" Wani alhaji da ya kawo shadda ya ce a ba shi abarsa, ba zai je Idi ya faɗi a sahu ba. Mutum biyu suka bi bayansa. Baba ya naɗe musu yadinsu da kyau, ya sa a takarda, ya ce su gaida gida.

Ina zaune a ƙasa ina shan ruwa. Bakina yana nan, ban yi amfani da shi ba.

Juma'a, 2 ga Satumba

Ya cire na biyu.

Asabar, 3 ga Satumba, da safe

Yaya Edna ta same ni ina wanke fuska ta ce, "Timoti, abin mamaki, kwat ɗin nan ba ya kayar da kai sai an yanka wani abu a kusa." Na ce ta bar ni. Ta ce ta bar ni, amma in sani jiya Baba bai ci tuwo ba.

Na daina zuwa firjin Livinus. Ya aiko a tambaya ko lafiya.

Talata, 6 ga Satumba

Kwadon. Na cire wa Joda zare da hannuna, a zaune. Ya kawo mini nono a ƙwarya. Da rana aka kawo mai haihuwa, wannan kam ba za mu yi maganarta ba.

Juma'a, 9 ga Satumba, da hantsi

Baba ya ce in raka shi shago tun kafin kasuwa ta ci. Kwat ɗin yana rataye a ƙusa, ya rame, ya zama kamar falmaran mai hannu. Ya zauna a kan kekensa bai taka ba.

Ya ce, "Timoti." Rabon da ya kira ni haka tun kafin sakamako ya fito. "Na cire biyu, saura ɗaya. In ka sake faɗuwa ba ni da abin da zan cire, sai dai in ce maɓallai ne suka yi nauyi."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Tun yaushe Baba ya sani?"

"Tun ranar zakara. Ni na ɗinka rigar, na san nauyinta. Wanda zafi ya kayar yana jan wuyan riga tukuna. Kai wuƙa kake kallo."

"To me ya sa Baba ya bari ana yi masa dariya?"

"Ni tsoho ne, dariya ba ta hana ni ɗinki. Kai ko farawa ba ka yi ba." Ya gyara zaren keke. "Ba zan ce maka tafi ko zauna ba, ban yi karatun da zan faɗi haka ba. Abu ɗaya na sani. A can ba na nan, kuma ba wanda zai ce kwat ne."

Na yi kuka a shagon, ba ɓoye-ɓoye. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in share masa ƙyallayen da ke ƙasa tun da na zo.

Asabar, 10 ga Satumba, da yamma

Na gaya wa Mama zan zauna Kwadon shekara guda, na kuma gaya mata dalili. Ta zauna a kan turmi. Abin da ta fara cewa shi ne, "To bunsurun fa?" Sai anko. Sai waƙa. Sai daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da ta cika akwati da su. Sai da ta gama da waɗannan ta kalle ni ta ce, "Jini? Ɗan da na haifa?" Ta tashi ta je ta tsaya bakin ɗakin Baba ta daɗe, na ji tana cewa a sa masa ruwan wanka.

Litinin, 12 ga Satumba

Na koma Bauchi. Malamin ya ce, "Ashe abokin naka ya yanke shawara." Ya ja layi a kan sunana da rula. Layin ya miƙe sosai.

Alhamis, 15 ga Satumba, da yamma

Zumunta ta yi zama a kaina, daga azahar har la'asar. Yaya Edna ta laɓe ta jiyo. Wasu sun ce a fasa komai. Mama Janet ta ce ba a taɓa yin waƙa a majami'ar nan aka mayar da ita ciki ba, an ɗinka anko, an jiƙa gero, kuma yaro dai barin gida zai yi. Ban kwana yana nan ranar Lahadi.

Lahadi, 18 ga Satumba, da yamma

An yi. Mata fiye da yadda zan iya ƙirgawa, duk cikin kore mai jirgin sama, suka rako ni daga coci har tashar mota da tulu da kacau-kacau. An gyara waƙar:

Timoti ɗanmu, ka tafi lafiya,
Kwadon ɗin ma ai tafiya ce, tafiya.

An cire Luka. 'Yan tasha suka tambaya ina ɗan saurayi za shi da wannan gayya, aka gaya musu, wani ya ce da mun sanar da shi da ya ara mini keke. Livinus ya rungume ni ya ce in riƙa rubuto wasiƙa. Mama ta yi kuka sosai kamar teku zan ƙetare, ta ce kada in manta da gida. Direba ya ce mata zai dawo ta nan kafin ta kai ƙofar gidanta, in tana da saƙo.

Bunsurun an yanka shi tun da safe. Ina bayan coci lokacin, ina duba wani abu.

Talata, 20 ga Satumba, Kwadon

Yau ne ranar tashin jirgin. Na tafasa allurai, na share ɗaki, na raba maganin zazzaɓi. Duk ƙarar da na ji sai in ɗaga kai, alhali na san jirgin ba ta nan zai bi ba. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

Asabar, 1 ga Oktoba, da yamma

Ana hutu a gari, mu muna aiki. Wajen hantsi motar Gombe ta tsaya, sai ga Baba ya sauko, hannunsa na hagu naɗe cikin ƙyallen shadda, ya jiƙe. Almakashi ne ya tsaga masa tafin hannu. Babban asibiti yana can Gombe kusa da kasuwa, amma ya tsallake shi ya hau mota. Mutumin da ya girma da almakashi a hannu. Ban tambaye shi yadda aka yi ba, shi ma bai faɗa ba.

Sista Hilda ta wanke wurin, ta kashe zafin, ta yi ɗinki na farko. Sai Baba ya janye hannun ya ce, "Sista, a bar wa yaron sauran."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Na jawo kujerata na zauna. Kunnuwana suka soma ƙara, na san alamar. Na ce, "Baba, yi mini magana."

Ya ce, "Me zan ce? Kada ka ja zaren da ƙarfi, fata ba bargo ba ce. Daidaita bakin biyu tukuna. A'a, matsa kaɗan. Wa ya koya maka riƙon allura haka?"

Haka ya yi ta yi mini faɗa har na ƙulla na ƙarshe. Sista ta yanke zare. Rigata ta jiƙe da gumi, amma ina zaune daram, kuma fuskarsa nake kallo.

Ya ɗaga hannun wajen taga ya juya shi, ya duba yadda yake duba aikin masu koyo.

"Ya karkace," ya ce. "Da a shagona ne da na sa ka farke."

Na ce, "In farke?"

Ya rufe hannun a hankali ya ɗora a ƙirjinsa. "Bar shi. Zan je in nuna wa 'yan layinmu."